Tsayuwar Liman Hussaini

…kuma ba wai ruwan ne ya huce ba, Halliru, butar tana rana tun hantsi, na ji ɗuminsa a wuyan hannuna, amma da na kwarara a ƙafa sai ka ce a kan turmi na kwarara. Ina kallonsa yana bi tsakanin yatsu. Kallo kawai. Da ido nake wanke ƙafa yanzu. Dama tukuna… na wanke daman kuwa? Ga ta nan a jiƙe. To, na wanke ke nan.

Fuska ce abin tsoro. Ka taɓa jin dattijo mai tsoron wanke fuskarsa? Ina rufe ido sai tsakar gidan nan ta yunƙura da ni kamar raƙumi zai miƙe, in nemi ƙasa in rasa. Shi ya sa Lauratu ta mirgino mini wannan kututturen, nake zama a kai, bayana a jikin rumbu. 'Yata ta fari — ka san ta mana, kai ka kira mata salla a kunne ran da aka haife ta. Ta baro ɗakinta a Sule Tankarkar ta zo jinyata. Ga ta can bakin madafa wai tankaɗe take yi. Ba komai a cikin rariyar. Ni take kallo.

Kowa ni yake kallo.

Yau Juma'a. Na sani, ban manta ba, jiya motocin kasuwar Maigatari suka wuni suna wucewa, shanu na kuka a ciki. Juma'a ce, kuma har yanzu ni ne limamin garin nan, ba wanda ya zo ya ce mini ba ni ba ne. Da kana nan da kai za ka kira salla, in ji muryarka daga tsakar gida in fara naɗa rawani… amma ka tafi shekarar fari, ka bar wa Ɗantala kiran. Muryarsa ba laifi. Sauri yake yi kawai. Kowa sauri yake yi.

Yau zan tsaya ban taɓa bango ba. Abin da ke gabana ke nan. In na tsaya da ƙafafuna, ni kaɗai, daga kabbara har ruku'u, to limanci nawa ne, kowa ya kama bakinsa. In kuwa ban tsaya ba…

Ni na karantar da su babin. Da bakin nan. A zauren nan, Ubale na zaune a gabana ko gemu bai fara ba, shi da yanzu yake na'ibina: wanda ba ya iya tsayuwa da kansa ba ya jan masu iyawa. Wanda ya jingina da wani abu, yadda in an zare abin zai faɗi, bai tsaya ba, sallar na bayansa ta ɓaci. Na faɗa, na maimaita, har ina buga buzu da tafin hannu. Daɗin faɗarsa ma nake ji, don hukunci ne a fili, ba kwana-kwana. Ina na san ni yake jira?

Juma'ar da ta wuce — ko ta gabanta? — kafaɗata ta taɓa bangon lungun liman. Lungun ƙunci gare shi, kai ma ka sha cewa maginin ya yi rowar ƙasa. Taɓawa ce, ko jingina? Da an zare bangon, da na faɗi? Wa zai zare bango ya gwada? Ni dai na sallame, aka shafa addu'a, aka yi ta "Allah ya gafarta Malam, Allah ya ƙara sauƙi," na kamo hanyar gida. Sai na tsaya shan iska jikin darnin Ɗantsoho. Ta tsakanin kara na hango shi. Ya shimfiɗa buzu bayan akurkin kaji yana salla. Na ce nafila ce. Ina tsaye ina mai da numfashi… ya zauna a ta biyu, bai sallame ba, ya miƙe. Huɗu ya yi, Halliru. Azahar. Mutumin da ya tashi daga Juma'a a bayana yanzun nan, ya koma gida ya ɓuya bayan kaji yana sake ta.

Ɗantsoho fa. Taubashina. Wanda tun muna kiwon awaki bai taɓa barin na wuce bai tsokane ni ba. Farkon dawowata daga asibiti ma ya tare ni a bakin rijiya, ya ce, "Liman, wannan tafiyar zalɓen fa? Kifi kake nema a rairayin nan?" Na ce da shi, "Gara ni ina ɗaga ƙafar, kai tun da aka yaye ka jan taka kake yi." Mata masu ɗiban ruwa suka yi ta dariya. Ranar har tuwo na ƙara. Yanzu kuwa in ya hango ni sai ya durƙusa. Ɗantsoho ya durƙusa mini, yana "sannu Malam, ya ƙarfin jiki." Ban taɓa jin zagi mai zafin wannan gaisuwar ba.

Shi kaɗai ne? Gida nawa ake shimfiɗa buzu a bayan rumbu in na wuce? Ban tambaya ba. Wa zan tambaya?

"Baba, kawo ƙafar."

Lauratu ce, ta durƙusa da takalmana da ƙyallen da ta yago daga tsohon zaninta. Ɗaure mini su take yi kamar mai dabaibaye jaki, tun ran da na je har ƙofar masallaci da takalmi ɗaya ban sani ba. Ɗayan yana can tsakiyar hanya. Rairayin bazara ya dafa mini tafin ƙafa har ya yi bororo, ban ji ba. Ita ta gani da yamma, tana shafa man shanu tana share ido. Ni kuwa ina kallon ƙafar kamar ta wani baƙo da ya sauka a gidana.

"Baba, da ka bar wa Malam Ubale ta yau. Ranar ta yi yawa."

"Ranar ce ta yi yawa?"

Ta ja ƙyallen. Ta ƙara ƙulli ɗaya.

Sanda. Rumbu. Gwiwa ta dama, ita ce mai amana… tashi. Tsaya tukuna, bari ƙasa ta zauna. Kamar kan buhunan auduga nake tsaye, wanda ba a matsa ba, kowane ɓangare lotsawa yake. A ƙarƙashin audugar kuma kiyashi, kullum kiyashi, suna hawa har ƙauri. Abin haushi, Halliru, ƙafar da ba ta jin wuta tana jin kiyashin da babu su.

Ga su a zaure suna jirana, masu rako. Da su biyu ne, uku. Yanzu sun yi yawa. Ɗaya a dama, ɗaya a hagu, ɗaya a baya kusa-kusa, wai hira suke yi a kan irin gyaɗa. Majiya ƙarfi, suna tafiya kamar masu bin gawa, suna rage taku don kada su wuce ni. Hannuwansu a buɗe kaɗan. Suna tsammanin ban gani ba. Ido ai shi ya rage mini.

Ɗaga gwiwa sama… saki. Fat. Yatsun ba sa ɗagowa da kansu, rataye suke kamar kunnen tunkiya, in ban ɗaga gwiwar ba su ja ƙasa in kife. Ɗaga… fat. Ido a kan ƙafa. In na dubi mai gaishe ni na ɓata, shi ya sa ake cewa Liman ya daina amsa gaisuwa da fuska. Ni da ban taɓa wuce ko yaro ban kira sunan ubansa ba. Rairayin nan kuma… wa ya ce wa kakanninmu su sari gari a kan rairayi? Ba ya tsayawa. Ka taka nan, ya zame can, ƙafar ba ta faɗa maka, sai kafaɗa ta ba ka labari bayan ka riga ka karkata.

A wuyana ciwon ya fara. Kullutu kamar ƙwan zabo a ƙarƙashin kunne, sai kaluluwa a hammata, sai zufa, sai riga ta yi mini yawa. Na sha rubutu, nawa da na wasu. Na sha sassaƙe har harshena ya yi baƙi. A Gumel malamin asibiti ya latsa ya latsa ya ce wannan ya fi ƙarfin nan, a wuce gaba. Aka wuce gaba, can ma aka ce gaba. Bayan babbar mota, kan buhuna, shekarar da aka koma tuƙi a hannun dama ne ko ta bayanta, direban na ta zagin duk wanda ya tunkaro shi… Likitan Ba'indiye ne, ɗan siriri, mai sanyin hannu. Sunansa… ya tafi. Tafinta ya ce ciwon daji ne, amma irin wanda ke jin magani.

Ya kuwa ji. Ba zan yi musu ƙarya ba. Ruwa ne fari tas kamar na rijiya, a ɗura shi a jijiyar hannu, a sallame ka, ka je ka dawo, a sake. Na yi amai, gemuna ya zube a kan tabarma kamar an fige kaza, amma kullutun ya narke. Har daga Gagarawa aka zo kallon wuyana. Ana ta hamdala. Ni ma na yi.

Sai wata safiya ina jan carbi na ga na kai ƙarshe ban ji ƙwaya ko ɗaya ta wuce ba. Na ce minjirya ce, na kwanta a kan hannun. Ba ta sake ni ba. Sai takarda ta ƙi buɗuwa, in lashi yatsa in shafa in shafa, ganye biyu su tafi tare. Sai yatsun ƙafa. Da na koma na faɗa, likitan ya ɗauko wata 'yar guduma ta roba ya ƙwanƙwasa mini bayan diddige. Shiru. Ya sake. Shiru. Ya ce in haɗe ƙafafu in rufe ido — sai a ƙirjin tafinta na farka. Ya ce maganin ne. Yana bin ciwon yana kashewa, amma yana taɓa jijiyoyin da ke kai labari daga nesa, na yatsu su ne farko. Ya rage shi. Daga baya ya tsayar. Na ce, zai dawo? Suka yi magana mai tsawo su biyu, da Turanci, mai tsawo ƙwarai. Tafinta ya juyo ya ce, "Baba, ya ce wataƙila."

Duk wannan maganar, wataƙila ce kawai a cikinta?

An ba ni wuya, an karɓi ƙafa. Ba a tambaye ni ba. Ko an tambaye ni… Lauratu ta ce an faɗa tun farko, tana wurin, wai har na ɗaga kai na ce Allah ya sa mu dace. Ƙila. Abubuwa na zubewa yanzu kamar gero a tsohon buhu. To in ma an faɗa, me aka faɗa? An ce yatsunka za su yi sanyi. Ba a ce za ka tsaya gaban jama'a ka rasa inda Allah ya ajiye ƙasa ba. Likitan bai san mene ne aikina ba. Ya ga tsoho, ya ce tsoho ai zama yake yi.

Fat. Fat. Gindin dalbejiya. A nan zan tsaya kamar ina gyara rawani.

Ƙafafun nan fa, Halliru. Kai ne shaida. Da su muka fita ta Maigatari muka nufi Damagaram neman fiƙihu, muna samari, littattafai a gafaka, takalma a rataye a wuya don kada su ƙare. Ƙarangiya ta ishe mu. Ka tuna yadda nake zaginta? Ɗaya in ta shige ni sai na zauna na ciro ta, kana tsaye kana cewa, "Hussaini, ƙafarka ta 'yar sarki ce." Ina gane ƙasar jigawa da ta fadama a cikin duhu, da tafin ƙafa kawai. Ina gane inda shanu suka kwana, ɗumin bai gama fita ba. Jandarman nan da ya tare mu a hanya, ya ce mu nuna takarda, ka nuna masa faso a diddigenka ka ce ga hatiminmu… har ya yi dariya ya ba mu ruwa. Jiya Lauratu ta ciro mini ƙaya doguwa, ta bagaruwa, ta nutse har rabi. Tun yaushe take ciki? Da zan sami ƙarangiya ɗaya ta soke ni in ji, da na yanka mata rago.

Malaminmu na can, mai farin ido ɗaya… sunansa yana bakina… shi ya fara karanta mana babin. Ya tsufa tukuf a lokacin, ana kama shi a kawo shi zaure. Shi bai taɓa yin limanci ba. Na ɗauka tawali'u ne. Ko kuwa ya yi, ya sauka kafin mu zo? Ban tambaya ba. Saurayi ba ya tambayar irin wannan, yana ganin tsofaffi haka aka haife su.

Ɗantala ya kira. Da sauri, kamar ana korar sa.

Ubale ya zo jiya bayan la'asar. Ya tuɓe takalmi tun daga nesa, ya zauna a ƙasa ba a kan tabarma ba. Muka yi zancen damina, muka yi zancen rufin masallaci da ke yoyo. Ina jira ya faɗa. Ya buɗe baki ya ce, "Allah ya gafarta Malam…" sai ya dubi ƙafafuna, sai ya ce wai ko ina bukatar a sake wa sandata ƙarfen gindi. Da yana kwaɗayin abin, Halliru, da na sami wanda zan ƙi. Da ya je wurin mai gari ya kai ƙarata, da na tsine masa na ji sanyi. Ba ya so. Ba wanda ke so. Sun bar ni da shi ni kaɗai, suna ladabi, suna sannu, suna komawa gida suna sake salla. Ladabin nan ne zai kashe ni, ba daji ba.

In na sauka, ni wane ne? Tsoho a kan kututture. A kawo mini fura, a ce Malam ya ci, Malam ya yi barci. Karatun ma yana tafiya — shekaranjiya wani ya tambaye ni rabon gado na tsaya a tsakiya kamar jaki a mararraba. Salla ce kaɗai ba ta zube ba. In na kabbarta komai na dawowa wurinsa, harafi na bin harafi, ba na neman komai. A can ne kawai nake Hussainin da ka sani. Shi za su karɓa? Ba su karɓa ba ma. Jira suke in miƙa.

Ƙofar masallaci. Takalma jibge, ƙudaje, warin zufa da turare. Ƙullin Lauratu… yatsuna na kai, ba sa samun bakinsa, kamar mai kama ruwa. Ɗantala ya sauko ya durƙusa yana kwancewa, jama'a sun kau da kai gaba ɗaya kamar an ba su umarni. Ƙofar liman. Dakali. Ɗaga sosai. Tabarma — tabarma ta fi rairayi mugunta, bakinta na kama yatsa.

Mumbari. Matakan ƙasa ne, ni na sa aka gina su, na ce a yi su da tsayi don na baya su ji. Sanda tukuna, sai dama, sai a jawo hagu. Juyawa… juyawa ita ce aiki, a hankali, kaɗan-kaɗan, kamar ana juya tukunya cike a kan murhu. Na juyo. Ga su. Masallaci ya cika har waje, har gindin bishiya. Yaushe rabon da ya cika haka ba salla ba, ba azumi ba? Kallo suka zo. A'a. Astagfirullah. Manoma ne, ba aiki a gona, sun zo Juma'a.

A huɗuba an yarda da sanda. Sunna ce ma. Na riƙe ta da hannu biyu, na dasa ta, muryata ta fita — ka ji ta, Halliru? Ba abin da ya taɓa ta. Ta cika ɗakin, ta fita ta taga. Larabcin na zuwa da kansa kamar ruwa a kwalbati. Ga Ɗantsoho can sahu na uku, kansa a ƙasa. Ɗago ka dube ni mana, ɗan banza. Ɗago ka yi mini gwalo kamar da. Bai ɗago ba.

Zama. Tashi — sandar ta ɗauka. Huɗuba ta biyu. Addu'a ga ruwa, ga masu ciwo, ga waɗanda suka riga mu. Na ambace ka a zuci. Sauka… kada a dubi jama'a, a dubi mataki. Ɗaya. Wani. Ƙasa.

Wanda ya yi huɗuba shi ke jan salla, sai in da uzuri. Ina da uzuri? Yanzu za a gani.

Ɗantala na tayar da iƙama. Ba zan shiga cikin lungun ba. A bakinsa zan tsaya, a fili, inda bango ba zai kai gare ni ba ko ta dama ko ta hagu, kowa ya gani da idonsa. Na matso baya sosai, har ina jin numfashin sahun farko. Ba komai. Ƙafa a ware kaɗan. Ka ware su, kana ganinsu, ga su nan, naka ne. Akwai wani tabo a bangon gabas, inda ruwa ya taɓa zubowa. Shi zan riƙe da ido. In ido ya kama abu ɗaya jiki na bin sa.

Sanda.

A jingine ta. Hannu, buɗe. Buɗe mana… ta tafi. Na ji ƙarar ƙarfenta a jikin bango.

"A daidaita sahu."

Tari ɗaya daga baya. Auduga, kiyashi, tabo. Ina tsaye. Halliru, ina tsaye, ba abin da ke taɓa ni sai riga.

Allahu akbar.

Suka amsa, masallacin ya ɗauka har ƙirjina. Hannuwa a sake. Fatiha… ga ta, tana zuwa, lafiya lau, aya na bin aya. Tabon na nan. Ya ɗan matsa? Bai matsa ba. Zufa ce ta shigo mini ido. Kada ka ƙifta. Gishiri… kada ka ƙifta, Hussaini… na ƙifta.

Yana nan. Tabon na nan, ya ɗan yi ƙasa kaɗan, amma yana nan. Ban faɗi ba. Ka gani? Na rufe ido ban faɗi ba. Likita, zo ka gani. Ɗantsoho…

Mene ne wannan a bayana?

Tsakanin kafaɗu, ƙasa kaɗan. Ɗumi. Faɗinsa kamar… tafin hannu ne. Yatsu biyar, ta cikin riga. Bayana bai mutu ba, yana ji sarai. Hannun wa? Ubale ne ke daidai nan, ko Ɗantala ya shiga gurbin? Ba a waiwaye a salla. Tun yaushe yake nan? Tun ƙiftawar? Ko kafin ta?

Taɓawa ce kawai. Bari in ɗan yi gaba in rabu da shi… yatsu, ku kama ƙasa, ku jawo ni. Ba sa ji. Ban san ma ta ina gaba take ba.

Hannun na rawa.

Bango ba ya rawa, shi ya sa ban sani ba. Wannan kuwa yana rawa, irin rawar hannun da ke ɗauke da kaya. Ni ne kayan. Duk nauyina yana cikin tafin hannun mutumin nan, yana tsaye a cikin sallarsa yana riƙe da limaminsa, ya san babin, dukkansu sun san shi, ni na koya musu… In ya zare?

Na sani. Ba sai an zare ba.

Bakina bai tsaya ba, ya kai ƙarshen Fatiha shi kaɗai. Amin ɗinsu ta taso a hankali, ta kwanta. Yanzu sura suke jira. Mutanen gari guda, da alwalarsu, da wankansu, wasu tun daga ƙauyuka a ƙasa cikin ranar nan… a bayan mutumin da bai tsaya ba.

Akwai ƙofa. An bar wa liman ƙofa, wannan ma na karantar. In abu ya same shi a tsakiyar salla sai ya kama hancinsa kamar wanda ya yi haɓo, don a rufa masa asiri, ya jawo na bayansa ya shigar da shi gaba, shi kuma ya ja da baya. Sallar jama'a ta tsira. Abu mai sauƙi. Hannu, tashi. Ga hanci — ina ganin yatsuna a kansa, ban ji su ba, hancin ne ya ji su. To. Na kama. Sun gani, na ji sahun ya motsa. Shi ke nan, Halliru, na miƙa. Ku karɓa. Ubale, zo.

Saura in ja da baya.

Baya… ba ido a can. Ban taɓa gwadawa ba tun da abin ya same ni. Ƙafar da sai na gan ta take tafiya, ta yaya za ta taka inda ba na gani? Kuma kafin in matsa sai hannun ya ba ni hanya, in ya ba ni hanya kuwa… Shi ma ya gane. Ya ƙara dannawa. Ba zai saki ba, ni ba zan iya cewa ya saki ba, ba a magana.

Dama, tashi. Ke ce mai amana. Taku ɗaya, na ƙarshe, ba zan sake roƙonki komai ba.

Ta tashi? Tana ƙasa?

Ban sani ba. Riga ta rufe ta.

Ashe saukar ma sai da ƙafa… Shirun ya yi tsawo. Wani jariri na kuka a can waje. Hannuna a hanci, hannunsa a bayana, yana rawa, yana rawa, ya fara gajiya —